Kare Mai Yawan Susa: Kada A Yi Sakaci

Uwargida, idan kuna da karen gadi kuma kullum yana susa har gashinsa na zubewa, kada ki ce ba ruwanki. A ganina, magana ce ta lafiyar yaranki.

Ƙuma ce kan gaba wajen jawo wa kare ƙaiƙayi. Wani karen jikinsa ba ya shiri da yawunta, cizo kaɗan sai ya yi kwanaki yana susa. Akwai kuma ƙazwar kare, da makero, da borin jini daga abinci ko ƙura. Borin jini ba ya yaɗuwa, amma ƙazwa da makero suna kama mutum, musamman yaro mai rarrafe a tsakar gida. Yaron da ya haɗiye ƙuma kuwa yana iya samun tsutsar ciki.

Don Allah a daina shafa wa kare baƙin mai ko fiya-fiya. Guba ce: kare ya lasa, yara su taɓa, mai ciki ta shaƙa. Maigida ya kai shi asibitin dabbobi a duba fatar. In abinci ake zargi, akan canza masa cima har mako 8 kafin a tabbatar. Ƙwan ƙuma a ƙasa yake zuba, don haka a share makwancinsa, a wanke tsummansa da ruwan zafi, a riƙa wanke hannu da sabulu.

In kin ga ƙuraje ko zagayayyen tabo a jikin yaro, ki kawo shi asibiti, ki faɗa mana akwai kare a gida. Rigakafi ya fi magani.