Filin Jirgin Sama na Dutse

Tun daga shekarar 2014, sa'ad da Shugaba Goodluck Jonathan ya zo ya buɗe filin jirgin saman da Gwamna Sule Lamido ya gina a Dutse, alhazan Jigawa suka huta da kwana a sansanin Kano suna jiran jirgi. Wannan kaɗai abin godiya ne, wanda duk ya taɓa raka tsohuwarsa ya san haka. A shekarar 2023 kuma aka sa wa filin sunan marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi. Tun ana cikin gininsa a ke maganar za a faɗaɗa shi, a mai da shi tashar da za a riƙa kwasar amfanin gona zuwa ƙasashen waje, har yau kuwa maganar ba ta mutu ba. Muna goyon bayanta. Amma kafin a auna ƙasa a kira 'yan kwangila, ya kamata mu waiwayi abin da ya sami Kano.

Jiragen sama sun fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, guda uku, na sojan Ingila, daga Masar. A 1936 aka soma jigilar wasiƙu da fasinja, a 1957 aka buɗe sabon ginin matafiya. A zamanin nan jirgin da ya taso daga Turai za shi Afirka ta Kudu, in ya ƙetare Hamada sau da yawa sai ya sauka Kano ya sha mai. Mutane suka ɗauka arzikin ya zauna ke nan. Ashe ƙishirwar jirgi ce ta kawo shi. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, sai suka riƙa wucewa ta bisa kanmu, ko sallama babu. Kamfanin KLM na Holan, wanda ya daɗe yana zuwa tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ma ya ɗauke ƙafa a 2012. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta ranto dala miliyan 500 daga Sin, ta gina sababbin ɗakunan matafiya a Abuja da Ikko da Fatakwal da Kano. Gini ya yi kyau, ba mai musu, amma yawancin kamfanonin Turai har yanzu Ikko da Abuja su ke sauka. Mai jirgi ɗan kasuwa ne, inda ya san zai cika cikinsa can ya ke dosa.

To, me za mu zuba masa a Dutse? In aka yi wannan tambaya sai ka ji an ce riɗi da zoɓo da ƙaro. Lalle muna da su, kasuwar Maigatari shaida ce. Sai dai su kaya ne busassu, masu jure ajiya, watau hanyarsu ita ce mota ko jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Wanda ya ɗora buhun riɗi a jirgin sama, kuɗin dako zai cinye riba da uwar kuɗi. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka shirya masa reshe zuwa Dutse, shi ne abokin tafiyarsu. Kayan jirgin sama su ne marasa nauyi, masu tsada, masu saurin lalacewa: ɗanyen nama, kifin Haɗejia, kayan lambu na fadama, zaɓaɓɓen dabinon Dutse. Da irin wannan ciniki Kenya ta ke kai furanni Turai, a yanke yau, gobe suna kasuwar Holan.

Kayan nan kuwa ba sa haƙuri da sakaci. Suna bukatar ɗakin sanyi, ɗakin sanyi yana bukatar lantarkin da ba ya ɗaukewa, ko da na hasken rana ne. Suna bukatar na'urar da za ta sauko da jirgi lafiya ran da hazon hunturu ya rufe gari, don nama ba zai jira hazo ya washe ba. Sa'an nan ga wanda ya fi duka wuya, watau takardar shaidar da Bature zai yarda da ita. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Faɗin titin jirgi ba shi da abin da zai yi wa wannan, aikin malamin gona ne da mai awon kaya.

Nan ne maganar ta iso kanku, malaman makaranta da ma'aikatan ofis. Ko wane fili irin wannan yana cin ma'aikata iri iri: mai ba jirgi izinin sauka, mai duban yanayi, makanike, ɗan kwana-kwana, jami'in kwastan, akawun da ya iya cika takardar fitar da kaya ba kure. Kwalejin koyon aikin jirgin sama tana nan Zariya tun 1964, ga Jami'ar Tarayya a cikin Dutse tun 2011. Amma yaron da ya fito daga Kiyawa ko Jahun bai riƙe lissafi da Turanci ba, ba zai ƙetare jarrabawar shiga ba, ko da filin a bayan gidansu ya ke. Sau da yawa mun tambayi ɗaliban koyon malanta ko wane aiki a ke yi a filin jirgi, amsar ba ta wuce tuƙi da ɗaukar jaka. Laifin namu ne da ba mu gaya musu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jiha, duk kuɗin da za ta ware don faɗaɗa filin, ta fitar da wani kaso a rubuce don tura yaranmu Zariya ko wace shekara, da kuma kafa ɗakin awon amfanin gona kusa da filin. Shugabannin makarantun da ke kewayen Dutse su ma su nemi izini su kai 'yan aji na ƙarshe su ga hasumiyar da idonsu, su yi wa ma'aikatanta tambaya, tun kafin lokacin cika takardun jarrabawa ya zo.