Wa Ya Halatta Faransanci, Ya Haramta Hausa a Ajin Ingilishi?

Tun da Togo ta shiga ƙungiyar Commonwealth a taron Kigali na 2022, harshen Ingilishi ya ƙara daraja a idon iyaye, daga Komah da Zongon Sokodé har Dapaong. Madalla da haka. Sai dai akwai wani rashin adalci a cikin azuzuwan da bai kamata mu ci gaba da kawar da kai daga gare shi ba.

Malami ya rubuta jimlar Ingilishi a allo, yara suka yi tsuru-tsuru, sai ya juya ya warware ta da Faransanci. Ba mai cewa uffan, wai dabarar koyarwa ce. Amma yaro ya raɗa wa ɗan'uwansa ma'anar kalmar da Hausa ko Kotokoli, nan take a ce ya gurɓata darasi, a sa aji ya yi masa dariya. To, ina bambancin? Duka biyun gauraya harshe ne. An yafe wa ɗaya don harshen gwamnati ne, an tsangwami ɗaya don harshen uwa ne. Wannan gadon makarantar mulkin mallaka ne, inda ake rataya wa yaro alamar kunya a wuya idan ya yi maganar gidansu.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne iyayenmu da ke goyon bayan tsangwamar, alhali su ma a zaure suka yi karatu. Da me aka biya mana Ahalari da Ishmawi da Risala? Malam ya ja Larabci, ya fassara da Hausa, kalma bayan kalma, almajiri na bi. Ta wannan hanya aka samu irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934 bayan ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausa. Shin Hausar ta rage masa Larabci?

Ba muna cewa a mai da darasin Ingilishi dandalin hira ba. Malamin da ke cinye sa'a guda da Faransanci don ragwanci, shi ma ya cuci yara. Dole a ji Ingilishi, a furta shi, a rubuta shi. Amma yaron da ke fama da baƙon harshe na biyu ta bakin baƙon harshe na farko, idan kalma ɗaya ta Hausa ta buɗe masa ƙofa, a bar shi ya shiga.

Muna roƙon wakilanmu a ƙungiyoyin iyayen yara su tayar da wannan magana a zama mai zuwa, su tambayi shugabannin makarantu wace doka ce ta ba da izinin wulakanta yaro saboda ya yi Hausa.