An bar jaki ana dukan taiki: zare a kan GamerGate

1/ Har yau, in aka ta da maganar GamerGate, sai wani ya fito ya ce wai faɗa ne a kan ɗa'ar aikin jarida, 'yan rajin mata ne suka murɗe zancen. Ni kuwa na ce fakewa aka yi da guzuma aka harbi karsana. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo. 🧵

2/ Ga waɗanda ba su san labarin ba. A watan Agustan 2014, a Amurka, wani saurayi ya rabu da budurwarsa, Zoë Quinn, mai haɗa ƙananan wasannin kwamfuta. Sai ya zauna ya rubuta kalmomi dubbai, ya baza sirrin zamansu a intanet, har da hotunan hirarrakinsu.

3/ A ciki ya ce ta yi soyayya da Nathan Grayson, ɗan jarida a Kotaku, shafin da ke kawo labaran wasannin bidiyo. Cikin 'yan kwanaki labari ya rikiɗe: wai ta ba da kanta ne don a yabi wasanta, Depression Quest, a ba shi maki mai kyau.

4/ To Grayson bai taɓa yi wa wasan nan bita ba. Ko sau ɗaya. Ya taɓa ambatar sunansa a jerin wasanni, ya kuma ambaci Quinn a wani rahoto a watan Maris, duk kafin su fara soyayya. Editan Kotaku, Stephen Totilo, ya bincika ya fitar da bayani. Shi kansa tsohon saurayin daga baya ya ce ba shi da hujjar an yi cinikin yabo.

5/ Kuma wasan kyauta ne fa. Rubutu ne kake karantawa kana zaɓen abin da za ka yi, a kan yadda ciwon damuwa ke cin mutum. Wanda ya ga dama ya ba da abin da ya sawwaƙa. Wannan ce "babbar badaƙalar" da aka gano.

6/ Abin da ya biyo baya: aka watsa adireshin gidanta da lambar wayarta. Aka yaɗa hotunan tsiraicinta. Aka riƙa kiran mahaifinta a waya ana zaginta. Barazanar fyaɗe da kisa har sai da ta bar gida.

7/ Ranar 27 ga Agusta ɗan fim Adam Baldwin ya laƙa wa abin suna #GamerGate. Kafin nan sunan da ake kiransa da shi a 4chan da ɗakunan hira na cin mutuncin Quinn ne tsagwaronsa, ba wanda zai iya shiga da shi gaban mutane. Sabon sunan ya zo da riga mai kyau.

8/ A watan Satumba Quinn ta fitar da hotunan hirar da suke yi a ɗakinsu na IRC. Ga su nan suna shawarar yadda za a tura zancen ya koma na "ɗa'a" don jama'a su karɓa, a gefe guda suna tattauna yadda za a ruguza rayuwarta.

9/ Yanzu tambaya mai sauƙi. In an zargi ɗan jarida da karɓar na goro, wa ya kamata a tasa a gaba? Ɗan jaridar da editansa mana. Shi ne ya yi alƙawarin gaskiya ga masu karatu.

10/ A watan Oktoban 2014 mujallar Newsweek ta sa aka ƙirga saƙonnin da ke ɗauke da maudu'in. Waɗanda aka aika wa Quinn sun ninka na Grayson fiye da sau goma. Waɗanda aka aika wa Brianna Wu da Anita Sarkeesian sun ma fi na Quinn ɗin yawa.

11/ Wu mai haɗa wasa ce. Sarkeesian mai sharhi ce a YouTube, da kuɗin da masu kallonta suka tara mata. Quinn mai haɗa wasa. A cikin ukun nan da suka fi shan wuta, wace ce 'yar jaridar? Yaƙin gyara aikin jarida ne, amma 'yan jaridar can gefe suke, haba.

12/ Ita Sarkeesian ai tun 2012 ake bin ta. Ta nemi dala 6,000 a Kickstarter don ta yi jerin bidiyo a kan yadda ake nuna mata a wasanni. Aka yi mata ca. Mutane suka ji haushi suka tara mata kusan dala 159,000. Wani kuma ya zauna ya haɗa wasa, wanda kake danna fuskarta tana kumbura tana jini.

13/ Shekara biyu ke nan kafin kowa ya ji sunan Grayson. Wace ɗa'ar jarida ake karewa a lokacin?

14/ Ni ban yarda da duk abin da ta faɗa ba, in faɗi gaskiya. Misalin da ta kawo na Hitman: Absolution, inda aka nuna ana kashe 'yan rawa ana jan gawarsu, ta ja shi da yawa, tunda wasan rage maka maki yake in ka kashe wanda ba ruwansa. Wannan suka ce mai kyau, kuma an yi ta.

15/ Amma babbar maganarta fa? Cewa shekara da shekaru ana maimaita labari ɗaya, a sace mace, namiji ya je ya ceto ta, ita kuma ba ta da aikin yi sai jira? Duk wanda ya buga Mario ya san Princess Peach. Ba sai an yi digiri ba.

16/ Kuma a farkon bidiyoyinta takan ce mutum na iya son wasa ya kuma soki wani abu a cikinsa. Ba ta nemi a hana sayar da wasa ko ɗaya ba. Sharhi ne, irin wanda ake yi wa fim da littafi kullum. Wanda bai yarda ba sai ya kunna kyamararsa ya mayar da martani.

17/ Martanin da ta samu: a Oktoban 2014 za ta yi lacca a Jami'ar Jihar Utah, sai aka aiko wa jami'ar wasiƙa cewa za a buɗe wuta a zauren. Mai wasiƙar ya kafa misali da kisan Montreal na 1989, inda wani ya harbe mata 14 a kwalejin injiniya.

18/ Ta nemi a hana shiga da bindiga. Aka ce dokar jihar ba ta bari a hana mai lasisi ba. Ta fasa laccar. A watan nan dai Wu da mijinta suka bar gida bayan an manna adireshinsu a 8chan.

19/ To yanzu mu zo kan ɗa'ar, don akwai matsala ta gaske, kuma ta girmi GamerGate. Shafukan wasanni suna rayuwa ne da tallar kamfanonin da suke yi wa bita. Kamfanin ne ke ba ka wasan kafin ya fito, shi ke gayyatarka taro, shi ke ba ka wanda za ka yi hira da shi. In ya ga dama ya rufe famfo.

20/ Makin bita kuma kuɗi ne tsaba. Kamfanin Obsidian ya rasa garaɓasar Fallout: New Vegas saboda wasan ya samu 84 a Metacritic, yarjejeniya ta ce 85. Maki ɗaya. Ka ga dalilin da kamfani zai sa wa mai bita ido.

21/ A 2007 Jeff Gerstmann na GameSpot ya ba Kane & Lynch maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da tallar wasan ta lulluɓe shafin gaba ɗaya. Aka sallame shi. A 2012 ya fito ya tabbatar cewa matsin masu talla na cikin dalilin. Wannan ita ce badaƙala mai sunan badaƙala.

22/ Ga wadda ta fi ba ni mamaki. Ƙarshen Satumban 2014, ana tsakiyar rikicin nan, Shadow of Mordor ya fito. Warner Bros. ta biya 'yan YouTube su buga shi, da sharaɗin su yabe shi, kar su nuna kurakuransa. Cinikin yabo ke nan a rubuce, da kwangila.

23/ Wasu 'yan YouTube suka tona a lokacin. A 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta kama kamfanin da rashin bayyana wa masu kallo yadda ya kamata cewa talla ce, an kuma kalli bidiyoyin fiye da sau miliyan 5. PewDiePie na cikin waɗanda aka biya.

24/ Wane shugaban Warner ne ya bar gidansa saboda fushin mayaƙan ɗa'a? Ba na fatan a kori kowa daga gida. Tambaya nake: ina zafin ya tafi?

25/ Nuwamban 2014, Ubisoft ta hana a fitar da bitar Assassin's Creed Unity sai bayan an shafe sa'o'i ana sayar da shi. Wasan ya fito cike da matsala, fuskoki na ɓacewa sai ido da haƙora a iska. Mutane sun riga sun biya. An yi gunaguni, an wuce.

26/ Kar a ce ba su san yadda ake matsa wa kamfani ba. Sun sani sarai. Leigh Alexander ta rubuta ra'ayi a Gamasutra cewa zamanin ɗaukar "ɗan gem" a matsayin saurayi mai fushi shi kaɗai ya wuce. Rubutun da zafi, ba musu. Sai suka yi wa Intel ruwan wasiƙu har ta janye tallarta daga shafin.

27/ Ku tsaya ku duba wannan da kyau. Amfani da mai talla don a hukunta marubuci kan abin da ya rubuta, ai shi ne ainihin abin da aka yi wa Gerstmann. Cutar da suka ce sun zo magani, ita suka ɗauka suka yi makami. Intel daga baya ta nemi afuwa ta dawo da tallar.

28/ Za a ce min, ai an samu gyara. E, an samu kaɗan. Kotaku ta hana marubutanta ba masu haɗa wasa tallafi a Patreon, Polygon ta ce sai an bayyana. Daidai ne. Ƙananan masu wasa da marubuta sun saba da juna fiye da kima, faɗin hakan ba laifi ba ne.

29/ Na kuma yarda akwai waɗanda suka shiga da zuciya ɗaya, sun gaji da bitar da ke kama da talla. Amma in ka shiga motar haya ka ga direba ya bar hanya yana bin mutane yana takewa, ka ci gaba da zama kana cewa "ni dai kasuwa za ni", to kai ma da sauran bayani.

30/ Wa ya ci ribar? Milo Yiannopoulos na Breitbart, wanda kafin nan ba'a yake wa manya masu buga gem, dare ɗaya ya zama gwarzonsu. Mai gidansa Steve Bannon ya taɓa shugabantar kamfanin da ke sayar da zinaren World of Warcraft, ya san taron nan da irin fushinsu.

31/ Bannon da bakinsa ya gaya wa ɗan jarida Joshua Green cewa ta ƙofar GamerGate samarin ke shigowa, daga nan a juya su zuwa siyasa da Trump. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Yan gem sun yi ihun, wasu sun kwashi ƙuri'a.

32/ Abin dariya, aikin jarida na gaske da aka yi a masana'antar nan, daga shafin da suka fi tsana ya fito. A 2015 Totilo ya bayyana cewa Bethesda da Ubisoft sun daina kula Kotaku saboda ta fallasa labaran da ba su so. Shafin da aka saya ba a yi masa haka.

33/ A 2018 Cecilia D'Anastasio, a Kotaku ɗin dai, ta yi dogon bincike kan yadda ake wulaƙanta mata ma'aikata a Riot Games, masu League of Legends. Magana ta kai kotu. A ƙarshen 2021 kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 100.

34/ A 2021 hukumar jihar Kalifoniya ta maka Activision Blizzard, masu Call of Duty, a kotu. An sasanta a 2023 kan kusan dala miliyan 54, galibi kan bambancin albashi da ƙarin girma. Matan da aka ce suna ƙirƙirar matsala don neman suna, ga lissafi ya fito.

35/ Kuma zancen cewa mata baƙi ne da suka zo ɓata wa maza wasa, alƙaluman ƙungiyar kamfanonin wasannin Amurka na 2014 sun ce kashi 48 cikin 100 na masu buga wasa a ƙasar mata ne. Suna nan tuntuni. Da yawa kashe makirufo kawai suke yi, kun san dalili.

36/ FBI ta bincika barazanar da aka yi wa matan nan. Takardun da ta saki sun nuna an gano wasu, har akwai wanda ya amsa laifinsa. Aka rufe fayil ba a gurfanar da kowa ba.

37/ A 2024 aka sake kunna wutar a kan Sweet Baby Inc., ƙaramin kamfanin taya rubuta labarin wasa a Montreal. Salo ɗaya: a samo ƙaramin mutum, galibi mace, a ce shi ya lalata gem. A shekarar nan manyan kamfanoni suka sallami dubban ma'aikata, wasa kuma tuni ya kai dala 70, ba a yi musu rabin wannan hayaniyar ba.

38/ Na san za a cika min ƙasan nan da "ba ka fahimta ba". To na sauƙaƙa muku. Duk mai adireshin bitar da Nathan Grayson ya yi wa Depression Quest ya ajiye min a nan. Fiye da shekara goma ke nan ana nema.