Damuwar Ɗalibi Ta Fi Ƙarfin Malami Ɗaya

Da wuya a rasa ɗalibin da ya sauya hali a kowane aji. Da shi ne mai ɗaga hannu, yanzu ya koma kujerar baya, ba ya hira, makinsa na ta raguwa. Mukan ce miskilanci ne, malami ya ce lalaci ne, a gida kuma a ce sammu aka yi masa. Kowa ya yanke hukunci, babu wanda ya tambaye shi abin da ke damunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane matasa bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. A ajin ɗalibai 70, kusan mutum 10 ke nan. A 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba za ta zauna kusa da abokinmu a aji ba.

Makarantu da dama sun bar wa malamin ba da shawara wannan nauyi shi kaɗai, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ɗalibai ne muke fara lura, don mu muka san wanda ya kwana yana kuka a ɗakin kwana saboda fargabar WAEC ko matsalar gida. Malamin aji shi ya san wanda ya fara fashi. Iyaye sun san abin da ya faru a gida. Ma'aikacin lafiya kuwa ya san lokacin da ya dace a tura yaro asibiti irin na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna. Sai an haɗa waɗannan bayanai kafin a gane matsalar.

Don haka muna roƙon shugabannin makarantu su ware ɗakin da ɗalibi zai yi magana ba tare da labarinsa ya zagaya ɗakin malamai ba. Ƙungiyar iyaye da malamai ta riƙa gayyatar ma'aikacin lafiya taronta, ko da sau ɗaya ne a zango. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa biyun.

Mu kuma, mu daina kiran kowa mahaukaci. Idan aboki ya ce ya gaji da rayuwa ko zai cutar da kansa, mu sanar da babban da muka amince da shi a ranar, ko da ya ce mu rufa masa asiri. Gara ya yi fushi da mu na mako guda da mu rasa shi.