Ba Kowane Ƙwaro Ne Ƙwaro Ba

Duk wanda ya kamfaci ruwa a gefen madatsar Kubanni a Samaru, ya zuba wa ciyayin ciki ido, yana iya ganin wata 'yar halitta ja, ba ta wuce ƙwayar gero ba, tana iyo. In ka tambayi Bahaushe sunanta, zai ce maka ƙwaro ce. Masana halittu kuwa ba sa lissafa ta cikin dangin sauro da fara masu ƙafa shida. Ƙafafunta takwas ne, don haka 'yar'uwar kaska ce da gizo-gizo da kunama. Sunan rukuninta na kimiyya Hydrachnidia, kuma an bayyana nau'o'insa fiye da 6,000 a duniya.

Ra'ayina shi ne, rashin sunanta a Hausa aikinmu ne mu masu nazarin harshe, amma ba aikin da za a yi a kan tebur ba. Hausa ba ta gaza ba: ta bambance kaska da ƙuma da kwarkwata da kuɗin cizo, domin kowannensu ya shafi jikin mutum ko dabbarsa. Abin da bai ciji kowa ba shi ne aka bari cikin buhun "ƙwaro". Sai dai yau masana suna duba ire-iren waɗannan halittu don gane lafiyar ruwa, kuma malamin da zai bayyana haka ga masunta yana bukatar kalma.

Wani zai ce sunan Latin ya wadatar, tunda tsarin suna biyu da Linnaeus ya ɗora dabbobi a kansa a 1758 shi ne duniya ta amince da shi. Gaskiya ne, kuma ban ce a taɓa shi ba. Amma ba da shi ake magana a bakin kogin Galma ba.

Ina ba da shawarar "kaskar ruwa". Ginin kalmar daidai yake da na "dokin ruwa", kuma yana nuna dangantaka ta gaskiya. Ba a kuma yi mata ƙage ba, domin 'ya'yanta kan maƙale wa sauro da mazari su tsotse su. Illar sunan ita ce mai ji zai zaci tana kama mutum ko shanu, alhali ba ta yi.

Saboda haka kafin a tsayar da kalma, a bi sawun Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Mu je wurin masuntan Galma da na tafkin Madarumfa tare da ɗaliban sashen nazarin halittu, su da kwalba, mu da rikoda. Wataƙila sunan yana nan a bakin wani tsoho. A kuma tuntuɓi Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, don kada Zariya ta fassaro daga Ingilishi, Maraɗi daga Faransanci, a wayi gari halitta ɗaya tana da suna biyu a harshe ɗaya.