Lasisin Mai Karatu da Hausar Mumbari a Ƙasar Haɗeja

Daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, idan Kogin Haɗeja ya cika ya batse, akwai garuruwa a yankunan Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri waɗanda ba a isa gare su sai da kwalekwale. An ga haka a 2018, an sake gani a 2020 da 2022. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar ruwan, kacalla kuma ta toshe magudanai, har ruwa yake bin inda bai saba bi ba. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan abin da wannan yake yi wa manoma da masunta da makiyaya, amma ba a cika tambayar abin da yake yi wa ƙananan ikilisiyoyi ba. Kiristoci 'yan tsiraru ne a masarautar, galibi 'yan kasuwa da ma'aikata da malaman makaranta da 'yan hidimar ƙasa, kuma a warwatse suke. Duk ikilisiyar Angilikan da hanya ta raba da limaminta, to ranar Lahadi wani mutum daban ne zai tsaya a gabanta, wanda ba a ɗora masa hannu ba, amma yana riƙe da takardar bishop.

Sunan wannan muƙami a Ingilishi, idan aka fassara shi kai tsaye, shi ne “mai karatu”. Cocin Ingila ya farfaɗo da shi a 1866, ya buɗe shi sosai ga mata a 1969, kuma ya bi sawun 'yan mishan zuwa ƙasashen Afirka, inda ya zauna kusa da katikis da mai bishara. Mai karatu yana jagorantar addu'ar safe da ta yamma, yana karanta nassi, yana wa'azi, yana koyar da masu shirin baftisma, yana iya binne mamaci idan an yarje masa. Ba ya tsarkake Jibin Ubangiji, ba ya furta gafarar zunubi irin ta limami. A wurare da yawa ana gane shi da shuɗin ƙyallen da yake ratayawa a wuya. A Jigawa, bishop na Dayosis ɗin Dutse, wadda aka kafa a 1996, shi ne mai ba da wannan izini.

Kalmar da ta zauna a bakin mutane ita ce “lasisi”, kuma ba ta yi wa muƙamin adalci ba. Bahaushe ya san lasisin tuƙi da na bindiga, takardar da ake biya a karɓa a ofishin hukuma. Haɗeja kuwa gari ne na gwanaye da alarammomi, inda aka daɗe da sanin ijaza, don haka akwai sha'awar a kwatanta su. Kwatancin ya yi rabin hanya ne kawai. Ijaza shaida ce a kan ilimin mutum, malami ne yake ba ɗalibinsa, kuma tana bin sa duk inda ya je har ƙarshen ransa. Takardar mai karatu a ɗaure take da wuri da lokaci: tana aiki a cikin dayosis ɗin da aka ba da ita, ana sabunta ta, bishop yana iya janye ta. Ta wannan fuskar ta fi kusa da na'ibci, wato tsayawa a madadin wani da yardarsa. Sai dai na'ibin liman yana yin duk abin da liman yake yi idan ba ya nan, shi kuwa mai karatu akwai iyakar da ba ya ƙetarewa. Da aka cire masa abin da ake yi da hannu a kan bagadi, abin da ya rage masa kusan duka magana ce. Idan kuwa aikinsa magana ne, bai kamata a ba shi izini a ƙasar Haɗeja ba tare da an auna Hausarsa ba.

Tarihin cocin ma yana bayan wannan ra'ayi. Mishan ɗin Neja da Samuel Ajayi Crowther ya jagoranta daga 1857 ya dogara ƙwarai da katikis da malaman makaranta. J. F. Schön, wanda ya wallafa ƙamus ɗin Hausa a 1876 da Magana Hausa a 1885, ya kwashi Hausa mai yawa daga bakin Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Walter Miller ya zauna a Zariya yana fama da fassara, har aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. G. P. Bargery, wanda shi ma aikin mishan ne ya fara kawo shi Arewa, ya kula da bambancin kare-karen harshe har ya riƙa yi wa kalmomin Haɗeja alama a ƙamus ɗinsa na 1934. Sunayen Turawa ne suka hau bangon littattafan, amma harshen daga bakin waɗanda ba limamai ba ya fito.

Hausar littafin coci, ta fassarar 1932 ko ta 1980, Hausa ce ta takarda. Mai sauraro a Malam Madori ko Birniwa yana jin ta, amma ba da ita yake cinikin kifi ko yake yi wa maƙwabcinsa ta'aziyya ba. Mai karatu ne yake ɗauko nassin ya sauke shi cikin Hausar gari, kuma a nan ne haɗarin yake, domin Kirista da Musulmi suna tarayya a kalmomi da yawa ba tare da sun yi tarayya a ma'anarsu ba. “Sujada” a bakin Kirista taron ibada ne gaba ɗayansa, a kunnen Musulmi kuwa kai goshi ƙasa ne. “Alheri” a wa'azin coci tagomashin Allah ne wanda ba a cancanta ba, a kasuwa kuwa kyauta ce ko kirki. Zaɓi tsakanin “Yesu” da “Isa” ba ƙaramin zaɓi ba ne, balle lafazin “Ɗan Allah”, wanda yake buƙatar mai faɗinsa ya san yadda ake jin sa a bayan katangar cocin. A wurin jana'iza, inda abokan kasuwar mamaci Musulmi suke zaune suna saurare, babu littafin da zai zaɓa wa mai magana kalma. A watan Satumba na 2006 an ƙona coci-coci a Dutse, har da babban cocin Angilikan, bayan wani zargin ɓatanci. Wa'azi bai jawo wannan ba, kuma babu maganar da ta halatta ƙona ɗakin ibada. Amma al'ummar da ta ga irin wannan rana ta san nauyin kalma, kuma ta cancanci wakilin da ya san shi.

Za a ce da yawa daga 'yan ikilisiyar Inyamurai ne da Yarabawa, Ingilishi ya ishe su. Gaskiya ne a babbar sujadar cikin gari. Amma mutumin kudancin Kaduna da na Filato da na Bauci, idan suka haɗu a benci ɗaya, Hausa ce take haɗa su, haka kuma 'ya'yan 'yan kudun da aka haifa a nan. Za a kuma ce aikin na sa-kai ne, idan aka tsananta sharuɗɗa masu yi za su ragu. Wannan ƙorafi ya fi ƙarfi, kuma amsarsa tana cikin irin gwajin da za a yi. Rubutacciyar jarrabawar nahawu ba ta da amfani a nan. A sa mutum ya karanta sura a fili, ya bayyana ta cikin minti goma, ya yi gaisuwar mutuwa yadda ake yin ta a garin, a gaban dattawan da Hausa ce harshen rayuwarsu. Irin wannan gwaji zai buɗe ƙofa ga tela ko ungozomar da Ingilishinsu bai kai ba, alhali idan suka yi magana kowa yana kasa kunne.

Akwai masu ganin maganin ƙarancin limamai shi ne a bar mai karatu ya jagoranci Jibi, kamar yadda aka daɗe ana muhawara a Dayosis ɗin Sidni ta Ostireliya, ko a naɗa dattawan gari limaman sa-kai, kamar yadda Roland Allen ya yi kira a 1930. Wannan gardama ce ta masana tauhidi, kuma ko an warware ta gobe, wanda aka naɗa sai ya buɗe baki ya yi magana.

Masu nazarin Hausa su ma suna da bashi a wuyansu. An yi digirori a kan salon tafsirin watan azumi da waƙoƙin wa'azi da huɗubar Juma'a, kuma sun cancanta. Wa'azin da ake yi da Hausa a ƙananan coci-coci kuwa, wanda a cikinsa ake jin yadda karin Haɗeja yake gogayya da Hausar Filato da ta fassarar 1932, yana tashi ya bi iska kowace Lahadi. Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a 2013, tana Kafin Hausa, a cikin masarautar. Ɗalibi ɗaya mai wayar ɗaukar murya, da izinin ikilisiya da na bishop, zai iya tara wa'azin damina guda kafin ruwa ya janye.