Daga Bakin Allo: Daura Zuwa Katsina A Kan Keke

A wannan wata mun ajiye alli, za mu ba ku labarin tafiyar da muka yi a kan keke daga Daura zuwa Katsina bayan Kirsimeti na 2023, da kunyar da muka sha a hanya.

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu na 2023, kekunan da suka daɗe jingine a zaure suka fara fitowa. A da kuwa matasanmu suna ganin keke abin talaka ne. Ko a 2001, sa'ad da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya hau keke zuwa wurin aiki a Abuja, dariya aka yi ta yi masa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni ta zama ranar keke tun 2018, amma ba wannan ne ya komo da mu kan sirdi ba, tsadar mai ce. Da dattawan ikkilisiya suka ga haka, sai suka ce a shirya tafiya ta zumunci zuwa wurin 'yan'uwa a Katsina, kowane mahayi ya nemi masu yi masa alkawarin kuɗi, a saya wa makarantarmu bencina.

Tafiyar wajen kilomita 80 ce. Muka tashi da asuba bayan addu'a, da malamai, da samari, da manyan 'yan makaranta, da wani maƙwabcinmu Musulmi mai gyaran keke, wanda ya ce ba zai bar mu mu tafi ba famfo ba sholisho ba. Akwai kuma Baba mai bishara, wanda ya yi shekaru yana zaga ƙauyukan Zango da Baure da Sandamu a kan tsohon Raleigh nasa. Samari suka dubi keken nan mai nauyi, suka dubi furfurar Baba, suka yi ta ƙyafta wa juna ido. Baba ya roƙa a bar shi a can baya, muka ce to, muna tsammani ƙarfi ne ba shi da shi.

Iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, Katsina kuwa tana yamma da Daura, saboda haka iska tana tura mu ta baya. Daɗin tafiya ya ɗebe mu. Kafin mu kai Shargalle jerin gwano ya riga ya watse, ya zama tsere. Ba za mu ɗora wa samari laifi su kaɗai ba, gama mu malamai ma muna ciki, kowa yana so a ce shi ya fara shiga Mashi. A can ne, muna shan kunu a gindin inuwa, muka ƙidaya kawuna, muka tarar babu mutum uku: Baba, da mai gyara, da wani yaro ɗan shekara 14 wanda uwarsa ta damƙa mana shi hannu da hannu da asuba.

Wanda bai taɓa karɓar amanar ɗan wani ba, ba zai san yadda cikinmu ya ɗuri ruwa ba. Hanya ce ta manyan motoci, ga hazo ya rufe ko'ina. Biyu daga cikinmu muka juya, sa'an nan ne muka ɗanɗana abin da iska take yi wa mai fuskantarta, ƙafa tana taka feda, keke kamar an ɗaure shi. Bayan tafiya mai tsawo muka hango su a gindin wani gawo. Ƙaya ce ta huda wa yaron taya, ya yi ta kira, ba wanda ya waiwaya. Ya ja keken da ƙafa yana kuka har Baba ya cim masa. Mutanen wata 'yar rugga suka kawo ruwa a ƙwarya, mai gyara ya tsoma tayar ciki yana neman inda kumfa ke fita, ya yi faci, wata tsohuwa kuma ta dama wa yaron fura, ta ƙi karɓar ko sisi.

Baba bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya ce, "Malam, ku da kuke koyar da Littafin Farawa, me Yakubu ya gaya wa Isuwa a sura 33?" Mun sani sarai. Isuwa ya so su tafi tare, Yakubu ya nuna masa yara ƙanana da dabbobi masu shayarwa, ya zaɓi ya bi a hankali gwargwadon ƙarfinsu. Sau nawa muka ba da wannan a jarrabawa, muka kuma ci gyaran yaran da suka manta?

Daga Mashi muka sake tsari. Yaran da suka fi kowa ƙanƙanta suka shiga gaba, ba mai wuce su. Mai gyara yana tsakiya, Baba yana baya kamar dā. Duk inda aka tsaya sai an ƙidaya mutane kafin a sha ruwa. Waɗansu samari suka yi gunaguni, suka ce wannan tafiyar kunkuru ce, kuma gaskiya rana ta dake mu fiye da yadda muka shirya. Sai bayan la'asar muka shiga Katsina, matan zumunta sun gaji da ɗumama tuwo.

Kashegari, da za mu komo gida da iska a fuska, Baba ya koya mana mu jeru ɗaya bayan ɗaya kusa da juna, ƙarfafa suna karɓar gaba bi da bi suna tare wa na baya iska. Samarin da suka yi gunaguni su ne suka yi wannan aiki har Daura. Yaron nan shi ya fara shiga gari, uwarsa tana tsaye a bakin majami'a. Mun gaya mata abin da ya faru da bakinmu kafin ta ji a wurin wani, ta yi shiru, sa'an nan ta ce idan za a sake tafiya, a hannun Baba za ta ba da shi.